Lawali Tsaya-Haka da Fuskar Balkisa

Duk namijin da ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Dakoro a ƴan shekarun nan, in ya ce muku bai taɓa sa rigar Lawali mai hoto ba, ku karɓo mini katinsa in nuna muku ita. Farar riga ce guda ɗaya tal, da ɗan baƙin karabat, wato naktaye, ɗinke a wuyanta, kuma ba ta da baya. Wallahi ba ta da baya. Gaba kawai ya sa tela ya ɗinka, aka maƙala mata igiya biyu. Yaro zai zo da rigarsa ta gida, Lawali ya rufa masa wannan a ƙirji, ya ɗaure ta baya, ya ɗaga masa haɓa da ɗan yatsa, ya ja da baya ya ce, "Tsaya haka." Kafin yaron ya ƙifta ido an kwance an ɗaura wa na bayansa. Daga nan ya samo sunan da kuke kiransa da shi.

Na taɓa ce masa, "Kai Lawali, ka ji tsoron Allah ka yi wa rigar nan baya."

Ya ce, "Bayan wa kika taɓa gani a katin makaranta?"

Ni taubashiyarsa ce, uwata da ubansa ciki ɗaya, saboda haka ina da izinin faɗin abin da ku ba za ku iya faɗa ba, kuma mutuwa ba ta ƙwace mini izinin ba. Ban da haka ina koyarwa a kolej, duk shekara shi ke yi wa ƴan ajina hoton kati. Na san shi a gida, na san shi a bakin aiki. Labarin da zan ba ku na shekarar da ya kusa hana wata ɗalibata shiga jarrabawar brebe ne, ta kammala kolej. Sunanta Balkisa, marainiya ce, kakarta ke riƙonta a wani ɗan ƙauye can gaba da Birnin Lalle. Mutanen da suka ba ta masauki a gari za su tashi ƙarshen shekarar, don haka in ba ta zauna jarrabawar ba a wannan karo, karatu ya ƙare ke nan. Dokar kuwa kun san ta: mai tsaron ƙofa zai dubi hoton kati, ya dubi fuska, in ba su yi kama ba yaro ya koma gida.

Kafin in kai can, ku bari in ba shi haƙƙinsa. Lawali ya san sana'arsa. Samari masu son buɗe shagon hoto sukan zo har daga Ɗan Gulbi su zauna a bencinsa neman shawara, shi kuwa ba ya rowar magana, ita kaɗai ce ba ya yi wa rowa. Sai ka ji yana cewa, "Kada ka tahi lakwal ranar kasuwa, rabin aji na can riƙe da igiyar akuya. Kada ka ɗauki hoto bayan yara sun ci ƙosai, bakin kowa na ƙyalli." Ko ya ce, "Ka fara gaida mai gadi kafin direkta. Direkta ana canza shi, mai gadi na nan." Wani saurayi ya tambaye shi yadda ake sa yaro ya saki fuska. Ya ce, "Kada ka ce mishi yi dariya, haƙora zai buɗe maka kamar ana yi mishi allura. Tambaye shi sunan jakin gidansu." Na ga wannan da idona, kuma yana aiki, har a kan yaran da ba su da jaki.

Ordinatar kuwa, wato kwamfuta, ya daɗe yana zaginta. Sai da masu hoto na Maraɗi suka fara zuwa da tasu, su ɗauka da safe su miƙa kati da la'asar, direktoci suka fara amsa gaisuwarsa a tsaye, sannan ya haƙura. Ya shiga mota ya tafi Maraɗi, ya dawo da wata tsohuwar ordinatar naɗe cikin bargo, da injin buga hoto, da lojisiyel, wato manhaja, na aikin makarantu a cikinta, wanda ke jera hotuna ya sa wa kowane yaro sunansa da ajinsa a ƙasa. Mai sayarwar ya ba shi lambar wani saurayi a Yamai, Mustafa, wanda aikinsa ke nan, in abu ya cije maka ka kira shi ya warware maka ta waya.

To, kun san Lawali da waya. In shi ya kira ka, ko sallama ba ka samu, "Kai ne? Zo," ƙit ya kashe. Saboda haka Mustafa ma bip ya yi masa, waya ta yi ƙara sau ɗaya ya latse. Bawan Allah ya kira. Da Lawali ya tabbata ba kuɗinsa ke tafiya ba, sai ya gyara zama, ya miƙe ƙafa.

"Malam Mustafa, ina gajiya? Ina iyali? Ina zafi? An yi ruwa Yamai? Tsohuwa na da rai? Madalla. Mutanen ina ne ku asali?"

Ina zaune a bencin ina jin muryar yaron yana ta "Lafiya lau, Baba," har ya samu ƙofa ya ce, "Baba, yanzu mi kake gani a allon?"

Lawali ya leƙa. "Ina ganin fuskata."

"Baba, to ai ba a kunne take ba."

"Na sani. Wutar kuran take sha in an kunna. Ka faɗi duk abin da za a yi, in na haddace sai in kunna."

Ina jin Mustafa ɗaga kai ya yi ya dubi rufin ofishinsu. Amma yaron nan yana da haƙuri, Allah Ya yi masa albarka. Ya lallaɓa shi har ya kunna, ya koya masa yadda ake zuba hotuna, yadda ake raba su aji-aji, har suka iso wani wuri da ake kira gyaran fata. Wani ɗan layi ne a gefen allo, da ɗigo a kansa, in ka ja ɗigon sai ƙuraje da tabo su dusashe. Mustafa ya ce, "Kaɗan za ka ja, Baba. Kaɗan kawai."

Ana kashe waya Lawali ya kama ɗigon nan ya ja shi har bango.

Na ce, "Ba kaɗan ya ce maka ba?"

Ya ce, "Kaɗan na saya? Duka na biya."

A kan hoton wani yaro mai ƙurajen balaga ya gwada, kuma gaskiya ya fito tas, uwarsa ma za ta yi murna. Na ce masa dai ya bi a hankali, na ɗauki jakata na tafi. Abin da ya yi bayan tafiyata shi ne, ya tattara hotunan ƴan brebe gaba ɗaya ya ja musu ɗigon har bango a tashi guda, don kada ordinatar ta daɗe a kunne. Da ta tambaye shi ko ta ajiye sababbin a kan tsofaffin, ya ce mata e, mi za a yi da hoto biyu na mutum ɗaya. Sannan ya goge katin kyamara, don shi ke nan gare shi, kuma da safe yana da wata makarantar. Ya buga, ya yanka, ya manna, da tabaran nan nasa mai ƙafa ɗaya da zare, wanda ba ya ganin komai ƙasa da girman tafin hannu.

Jarrabawa ta matso sosai lokacin da katunan suka iso kolej don direkta ya buga musu hatimi. An riga an sallami ƴan brebe su je su yi bita a gida. Na zauna ina jera na ajina, ina ganin fuskoki sumul kamar dafaffen ƙwan da aka ɓare, ina dariya ni kaɗai. Sai na zo kan wani kati, na ga sunan Balkisa, na ga wata yarinya da ban taɓa gani ba. Nan take na bar dariyar. Balkisa Bagobira ce, tana da tsagar gidansu a kumatu biyu, daga gefen baki har kusa da kunne, wadda ko daga nesa ita za ka fara gani. A hoton nan ko layi ɗaya babu.

Ban ko ɗauki mayafin kirki ba na nufi shagonsa. Na dangwara masa katin a tebur.

"Wace ce wannan?"

Ya ɗaga shi ya kai saitin ƙofa, ya karkata kai. "Ai ta yi kyau."

"Ba kyau ake dubawa a ƙofar jarrabawa ba, Lawali. Ina tsagarta?"

Ya sake dubawa. Ya jawo sauran katunan yana bi ɗaya bayan ɗaya, duk mai tsaga, ko ƴar shasshawa ce a gefen hanci, inji ya ɗauke ta tabo ya share. Sai ya ɗauki waya ya kira Mustafa da kuɗinsa, ya bar ta tana ta ƙara har aka ɗauka. A nan na san tsoro ya shige shi.

Mustafa ya saurara, ya ce, "Ba komai, Baba, sai mu koma kan na asalin. Suna ina?"

"Wane na asali?"

"Waɗanda ba a taɓa ba."

"Na taɓa su duka."

"To na cikin kyamara fa?"

"Ƴan firamare ne a ciki yanzu."

Yaron ya ja numfashi. Ya ce masa gaskiya ba abin da inji zai iya mayarwa, sai dai a sake ɗauka. Ya ƙara da cewa daga yau ya riƙa ware na asali wuri dabam kafin ya taɓa komai, kuma ya sayi katin kyamara na biyu. Lawali, yana cikin wannan hali, gumi na bin wuyansa, sai da ya ce, "Na biyu kuma?"

Yaran da ke cikin gari ba su ba da wahala ba, aka aika aka kira su, aka sake musu kafin la'asar. Balkisa ce ta riga ta tafi wurin kakarta, ƙauyen ba waya, ba motar da ke zuwa sai ranar kasuwa. Direkta kuwa ya ce gobe da yamma zai rufe katunan, kuma ba zai sa hatiminsa a kan fuskar da ba ta ɗalibarsa ba ce. Ban ga laifinsa ba.

Na koma shagon in gaya wa Lawali, na tarar da shi duƙe a tebur da bik, wato biro, a hannu, ya buga wani hoton yana ƙoƙarin zana mata tsagar da hannunsa. Na leƙa ta kafaɗarsa. Abin da ya zana ya fi kama da gashin bakin kyanwa.

Na ce, "Yanzu kuma gidan kaso kake so ka kai mu ni da kai da direkta?"

Ya daɗe yana kallon abin da ya yi, sannan ya kife hoton, ya ce, "A'a, wanga ba aikina ba ne. Gobe da sassafe ki shirya, ke kika san gidan."

A daren aka yi ruwan farko. Da sassafe muka fita a kan moton nan tasa, wato babur, da duk kuka sani, wadda ake jin tafiyarta tun daga tasha. Kyamara na rataye a wuyansa, farin ƙyallen da yake kafawa a bayan mutum na naɗe a cinyata. Lawali yana da ɗabi'ar kashe moto in an zo gangara don kada ta sha esansi, wato fetur. To hanyar nan rairayi ce, ga shi ta jiƙe, abin da shi yake gani gangara moto ba ta ganin haka. Yana kashewa sai mu tsaya cak, tayar baya ta nutse.

"Madam, sauka ki tura."

"Ni na goge fuskar?"

"Ke ce mai nauyi."

Na tura moton nan har na daina ƙirgawa. Takalmina ɗaya ya tsinke, zanena ya yi kaca-kaca da laka, na zage shi da duk zagin da taubasantaka ta halatta mini, na ƙara da wanda ba ta halatta ba. Abin da ya ba ni tsoro shi ne bai rama ba. Can muka wuce Birnin Lalle sai na lura ya daina kashe ta, ko a gangarar gaske, yana ta murɗa mata wuta yana duban rana.

Muka tarar da ƙauyen wayam, kowa ya fita shuka. Wata mai jego ta nuna mana gonar da hannu. Can muka hango su, tsohuwar na gaba tana sara da sungumi, Balkisa na bayanta tana zuba iri tana rufewa da ƙafa, littafin bita ɗaure a bayanta da ɗankwali. Da ta gan ni ta saki ƙwaryar irin, ta zaci wani mugun labari na kawo. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, hoto ne ya ɓaci za a sake. Muka koma gindin wata aduwa, na ciro katin na miƙa mata don ta ga dalili.

Ta karɓa ta duba. Na zaci za ta yi dariya, amma ba ta yi ba. Ta kai hannu ta shafa kumatunta, ta sake duban katin, ta ce a hankali, ba ta ko ɗago ba, "Madam, ba za a bar mini wannan ba?"

Na san abin da ƴan gari ke kiranta da shi a filin makaranta saboda tsagar nan, na hukunta wasu a kai, amma ban taɓa sanin ya kai mata har nan ba.

Tsohuwar ta goge hannunta a zane ta karɓi katin. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta ce, "Ɗiyar wa ce wannan?"

Na ce, "Inna, Balkisa ce. Inji ne ya share mata tsaga."

Ta dube ni, ta dubi Lawali. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tsagar ubanta ce. Shi bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba har ya koma ga Allah. In na so ganinsa, fuskar ɗiyar nan nake duba."

Lawali ya cire hularsa ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasar nan. Tun muna yara ban taɓa jin ya ce shi ne da laifi a kan komai ba, ko tulu ya fasa sai ya ce tulun ne ya tsufa. Ya ce, "Inna, ba inji ba ne. Ni ne. An ce mini kaɗan, na ƙi ji. Ki gafarce ni."

Ta ce, "Tashi, ɗana, Allah Ya yafe mu duka. Yi aikinka, ƙasa na bushewa."

Ya tashi ya juya wurin Balkisa, ya nuna katin da ke hannun kakarta. Ya ce, "Ɗiyata, waccan ta cikin katin ba ta yi karatu ba. Ba ta taka daga nan zuwa Dakoro ba, ba ta kwana gidan mutane ba. Ke kika yi. Ke za ki shiga."

Ta wanke fuska da ruwan gora. Na tsaya a bayanta na ɗaga farin ƙyallen da hannu biyu, iska na kaɗa shi tana naɗe mini kai, ga ni da takalmi ɗaya. Lawali ya yi ta kewaya yarinyar yana neman inda haske zai faɗo mata ta gefe. Mutumin da ba ya danna kyamara sau biyu a kan kai ɗaya, ranar ya danna ya sake, ya danna ya sake, sai da abin ya yi masa. Sannan ya juya mata ɗan allon bayan kyamarar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa wa kakarta. Tsohuwar ta ɗora ɗan yatsanta mai ƙasa a kan gilashin, ta bi layin tsagar tun daga baki har kunne, ta kira sunan uban yarinyar, "Haruna." Ni dai na rufe fuskata da ƙyallen, na bar shi a haka.

Mun iso Dakoro direkta na shirin kulle ofis. Hoton da ɗuminsa aka manna shi aka buga hatimi.

Ranar jarrabawa na hango Lawali tsaye a bakin shinge cikin rana, ya rufe shago, ba wanda ya kira shi. Layi ya yi ta matsawa har aka zo kan Balkisa. Mai tsaron ƙofa ya dubi kati, ya dubi fuska, ya matsa mata ta wuce. Sai na ga Lawali ya nemi dutse ya zauna. Na je na tsaya a kansa da niyyar in tsokane shi, na buɗe baki na fasa. Balkisa ta ci jarrabawar, yanzu tana Maraɗi tana karatun aikin jinya.

Ina kewarsa ƙwarai, ba ni da wanda zan zaga ya ji daɗi. Ya Allah, ga bawanKa Lawali ya zo gare Ka da taurin kansa da kyakkyawar zuciyarsa. Ka yafe masa yadda tsohuwar nan ta yafe masa a gona, nan take, ba ja-in-ja. Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya masa ƙasa, Ka sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.